Babi na Uku: Inda Sabon Maharbi Zai Sa Ƙafa

Duk wanda ya bar titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora, ya karya kudu, ya wuce Tudun Wada ya nufi Doguwa, zai ga ƙasa tana sauya kama a gaban idonsa. Gonaki su fara ja da baya, itatuwa su yi kauri, duwatsu su riƙa leƙowa daga nesa. Can sai mota ta kutsa dajin Falgore, ta yi ta sheƙa gudu, ba gida gaba ba gida baya. A nan zuciya takan yaudari mai sha'awar farauta. Ya ga daji har iyakar ganinsa, ba shinge, ba kunya ko ɗaya ta gona, ba mai ce masa kanzil, sai ya ɗauka ai ya samu wurin koyon harbin fakara da zabon daji. To wannan dajin shi ne wuri na farko da zai soke daga lissafinsa.

Falgore gandu ne na gwamnati. Tun a shekarun 1940 Turawan mulki suka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 kuma aka mayar da shi gandun namun daji. Girmansa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya ratsa ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, Kogin Kano ya keta tsakiyarsa ya gangara ya zuba a tafkin Tiga. Dalilin keɓe shi kuwa shi ne namun daji su samu inda za su fake daga maharba. Manyan namun da aka san dajin da su a da, irin su gwanki da ɓauna, sun yi ƙaranci ƙwarai, amma raguwar nama ba ta soke dokar ba. Wanda malaman daji suka kama a ciki da bindiga ko tarko, ɓarawon nama ne a idon hukuma, ko da kurciya ɗaya ce a jakarsa. Ga kuma abin da ya fi tara da kotu tsanani. Dajin ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da 'yan fashi, har ta kai a 2017 sojoji suka kafa wurin atisaye a cikinsa. Saurayi ɗauke da bindiga a tsakiyar Falgore ba shi da lokacin yi wa kowa bayanin cewa fakara ya zo nema. Kuma kada a ce za a zagaya ta ɓangaren Bauchi, can ma gandun Lame-Burra ne ke jira.

Abin da ke ruɗa matasanmu, musamman masu kallon bidiyon farautar Turawa a waya, shi ne tsarin Amurka. A can gwamnatin tarayya ce ke da kusan eka miliyan 640, wato kimanin kashi 28 cikin 100 na ƙasar gaba ɗaya, kuma mafi yawan wannan fili a buɗe yake ga duk wanda ya yanki lasisin farauta na jiha. Mai neman wata tsuntsuwa tasu mai kama da fakara, wadda suke kira grouse, yakan buɗe manhaja a waya, ta nuna masa da launi inda filin gwamnati ya tsaya da inda na wani ya fara, ya ɗauki karensa ya tafi. An yanka masa watannin harbi, an yanka masa adadin da zai kashe a rana. Tun 1937 ma akwai dokar da ke ɗora haraji a kan bindigogi da harsasai, kuɗin a zuba wajen kula da namun daji. A Birtaniya kuwa akasin haka ne. Tuddan da tsuntsuwar ke zama a Sikotilan da arewacin Ingila galibi mallakin masu hannu da shuni ne, ana buɗe harbi ranar 12 ga Agusta a rufe 10 ga Disamba, kuma yinin harbi ɗaya yakan ci dubban fam.

Mu namu bai yi kama da ko ɗaya ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin noma da na kiwo a karkara. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, daga Bebeji har Riruwai, ba za ka taka wani wuri ba face akwai wanda zai ce nasa ne, ko na kakansa, ko na garinsu. Saurar da ta shekara biyar ba a kai mata fartanya ba tana da magada. Fakon da ko ciyawa ba ya fitarwa yana cikin ƙasar wani mai unguwa. Dutsen da kake gani tsirara, mutanen ƙauyen da ke gindinsa sun san iyakar nasu da ta maƙwabta, sun san itacen da aka yi shaida da shi. Hurumin gari na jama'ar garin ne, burtali na shanu ne, wurin kiwo kuma tun 1965 gwamnatin Arewa ta yi masa doka. Filin da ya fi kowane zama na gwamnati tsantsa, shi ne aka haramta wa maharbi. Saboda haka sabon maharbi a kudancin Kano mutane zai nema kafin fili, domin izininsu ne ke buɗe masa wurin.

Abin daɗin shi ne tsuntsayen da yake so ba a ƙurmin daji suka fi zama ba. Fakara, wadda wasu ke kira makwarwa, 'yar gefen gona ce. Tana son wurin da abinci da maɓuya suka haɗu: gonar dawa ko masara da aka girbe, a gefenta ga layin gamba da aka yi iyaka da shi, ga 'yan kargo da sabara, ga kwari mai ɗan damshi ba nisa. Da asuba, kafin rana ta fito sosai, namijin yakan hau kan suri ko kututture ya yi ta kwarara kuka mai kaushi, wani ya amsa masa daga gonar gaba. Haka kuma da la'asar sakaliya. Tsakanin waɗannan lokuta biyu sai ka rantse babu ita a ƙasar. Jikinta kalar busasshiyar ciyawa ne, kuma ta fi yarda da ƙafarta a kan fiffikenta. Za ta sunkuyar da kai ta bi ƙarƙashin ciyawa da gudu, in ta ga an matsa mata sai ta lafe. Sai ka kusa taka ta za ta tashi fir da wata ƙara mai faɗar da gaba, ta yi ɗan tashi ƙasa-ƙasa, ta sake faɗawa cikin wani duhun ta ci gaba da gudu. Duk wahalar nan a kan tsuntsuwar da nauyinta bai wuce rabin kilo ba.

Zabon daji ya fi ta buƙatar sarari. Garke yake yi, yana kwana a kan manyan itatuwa, yana kuma bin hanya ɗaya zuwa ruwa kusan kullum. Inda garke ke kiwo ba ya ɓoyuwa ga mai lura: ƙasa a tone, 'yan ramuka marasa zurfi inda suka yi birgima cikin ƙura, gashi mai ɗigo-ɗigon fari a warwatse, ƙarƙashin itacen kwanansu kuma kashi ya yi fari fat. A nan akwai tarkon da ya sha jefa baƙi cikin rigima. Zabin gida ma sukan yi nisan kiwo, su shiga saura, su firgita da mutum kamar na daji. Harbe zabuwar wata tsohuwa a bayan gari ya isa ya rufe maka ƙauye guda har abada, kuma ka biya kuɗinta ninki. In kana iya hango rufin ɗaki ko rumbu daga inda kake tsaye, ɗauka zabin nan suna da mai su.

Kazar dutse kuwa sai wurin duwatsu, kuma nan Doguwa ta fi sauran ƙasashen kudancin Kano. Tuddan Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, da na wajen Zainabi, irin mazauninta ne. Sai dai ƙasar haƙar ma'adinai tana da nata haɗarin, domin tsofaffin ramuka sukan ɓuya a cikin ciyawa, wanda bai san wurin ba kuma bai san inda suke ba.

Hanyar shiga a bayyane take, tsohuwa ce kuma. Da ɗan gari akan ci gari. Kusan kowace gunduma tana da shugaban maharba, wani wuri Sarkin Baka, wani wuri Sarkin Dawa, kuma ba ɓoyayye ba ne, ko a tashar mota ka tambaya za a nuna maka gidansa. Ka je da rana tsaka, hannu ba makami, da ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa. In akwai wanda ya san ka a garin, ko abokin karatu ne ko wanda kuke ciniki da shi a kasuwar hatsi, ya raka ka. Ka tsuguna ka gaisa, ka bari a gama tambayar gida da hanya. Sannan ka ce, "Baba, sha'awar daji ce ta kawo ni, ban san komai ba, so nake a ɗora ni a hanya." Kada ka yi mamaki in amsar ta zama tambaya: "Samari, ɗan wane ne kai? Wa ya turo ka wurina?" Ba wulaƙanci ba ne. A shekarun nan da infoma suka yi wa ƙauyuka illa, duk baƙon da ke tambayar hanyoyin daji abin tuhuma ne, kuma dattijon nan shi za a fara kira in wani abu ya faru.

In ya karɓe ka, shi zai kai ka gaban mai unguwa, wani lokaci har wurin dagaci. A can maganar gajeriya ce. "Ranka ya daɗe, ga yaron nan, baƙona ne, zai riƙa bin mu." Wannan jimla ɗaya ta fi kowace taswira amfani, domin daga ranar 'yan sintiri sun san fuskarka, manomi in ya hango ka a gefen gonarsa ya san ta inda ka shigo. Duk da haka izinin mai unguwa bai ɗauke maka na mai gona ba. Shi ma a same shi. Da wuya manomi ya hana, tunda fakara da zabi suna tone masa iri a farkon damina, amma yana so a tambaye shi, kuma shi ne zai gaya maka abin da ba wanda ya sani sai shi: ga inda yaransa ke zuwa yankan ciyawa, ga inda ya tara kara bai kwashe ba, ga kwarin da ya sha ganin kasa a ciki.

Ni a ganina sabon shiga ya guji babbar farauta ta gayya a shekararsa ta farko, irin wadda ake cika motoci da samari da karnuka da gora da adda a tafi dajin wata ƙasa. Tana da armashi, ba musu, akwai kiɗa da kirari. Amma ba a koyon tsuntsu a cikin hayaniya, kuma a nan ne rigimar "karena ne ya fara kamawa" takan tashi, a wayi gari an sari wani a kan zomo. Dattijo ɗaya mai haƙuri da kare ɗaya mai hankali sun fi maka mutum ɗari.

Lokaci ma wani ɓangare ne na izinin. Muddin amfani yana tsaye a gona, babu maganar farauta a cikinta. Kare zai karya dawa, kai kuma ba ka ganin abin da ke gabanka, mai yiwuwa mutum ne a sunkuye yana aiki. Damina kuma lokacin ƙwan zabi ne, kowa ya san yadda yake cika kasuwa a watannin nan, kuma na daji ma a lokacin suke kwanci. Wanda ya kwashe ƙwai goma sha biyar daga sheƙa ɗaya ya kashe garken baɗi. Fili yakan buɗe ne bayan an kwashe masara da dawa, hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe ta kwanta. A Doguwa da Tudun Wada, inda ruwa ya fi yawa kuma ya fi daɗewa, wannan yakan ɗan yi jinkiri fiye da wajen Bebeji. Ko a lokacin, in ka tayar da uwa da 'yan tsaki a bayanta, sauke hannunka.

Sai dai lokacin da gona ta buɗe maka, ta buɗe wa shanu ma. Makiyaya sukan shigo cin kara daidai wannan lokaci, kuma ƙarar bindiga kusa da garke na iya watsa shi, a kwana ana nema. Ka tsaya ka yi sallama a ruga, ka faɗi inda za ka bi. Ribar ta fi ƙarfin gaisuwa, domin babu wanda ya san inda zabi ke shan ruwa kamar yaron da ke yini a bayan shanu. Ka kama karenka in za ka ratsa kusa da tumaki.

Ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba ɗaya ba ce ga mai koyo. Bebeji ta cika da mutane da gonaki, ga noman rani, saboda haka zabon daji ya yi wuya, amma akwai fakara da kurciya da hasbiya, bakin tafkin Tiga kuma, wanda aka datse tsakanin 1971 da 1974 zamanin Audu Bako, yana tara tsuntsayen ruwa irin su kirinjijiya da dinya. Bakin ruwan ma da masu shi, masunta da masu lambu, kuma kusa da ginin madatsar ba wurin harbi ba ne. A Kiru akwai dajin Dansoshiya, shi ma gandu ne, gwamnati ta kuma ware shi don zaunar da makiyaya, don haka a tambayi malamin daji kafin a kusance shi. Tudun Wada da Doguwa su ne suka fi tsuntsu, su ne kuma suka fi haɗarin tsallaka iyaka ba da sani ba, tunda gonakin wasu ƙauyukan sun jingina da Falgore. Ba ko'ina ne ake ganin alamar iyakar ba. In gonaki suka ƙare, itatuwan doka suka fara yin layi ba kututture ko ɗaya a tsakaninsu, ka tsaya ka tambaya. Sashen gona da gandun daji na sakatariyar ƙaramar hukuma, wadda ta Doguwa ke Riruwai, nan ne wurin jin inda gandu ya fara da kuma abin da dokar namun daji, wadda asalinta ta Jihar Arewa ce ta 1963, ta ce game da lasisin farauta.

Waya tana da nata amfanin, ban raina ta ba. Hoton tauraron ɗan'adam na Google Maps zai nuna maka inda rafi ya bi, inda gonaki suka haɗu da saura, da hanyar da babur zai iya shiga. Ka sauke taswirar tun kana gari, domin sabis yakan ɗauke a tsakanin duwatsu. Amma ba za ta gaya maka gonar wane ce ba, ba kuma za ta gaya maka cewa makon jiya an ga baƙin fuska a kwarin can ba.

Maganar bindiga tana buƙatar a faɗe ta ba kwana-kwana. Dokar Makamai ta 1959 ta wajabta lasisi har ga harbi-ka-ruga, wadda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta, mai baki biyu kuwa izininta daga ofishin Sufeto Janar yake fitowa. A watan Agusta na 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka kafin ka sayi komai ka je ka ji halin da ake ciki. Katin ƙungiyar maharba yana da amfani a shingen bincike, amma ba ya zama lasisi. Kuma tafiya da makami a kan hanya ta zama abin tsoro a ƙasar nan. A ƙarshen Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar dawowa gida yin Sallah, da yawansu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure, nan kusa da mu. An ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Zalunci ne tsagwaronsa, kuma ya isa ya sa mai koyo ya nemi wurin farauta kusa da inda aka san shi.

Akwai abubuwa uku da ke sa a kori mutum daga ƙasar da aka karɓe shi, kuma duka ukun na ga ana yi. Cinna wa ciyawa wuta don a koro nama, wutar ta zarce ta cinye karan wani ko ta lashe masa tarin dawa. Jiƙa hatsi da maganin ƙwari a watsa a bakin ruwa, a dawo a tsinci gawar zabi, a kai kasuwa mutane su ci. Wannan ba farauta ba ce, kisa ne, kuma yana tafiya da kurciya da ungulu da kajin mutane gaba ɗaya. Na ukun shi ne kawo abokai. An ba ka izini kai kaɗai, mako na gaba ka zo da mutum shida a kan babura uku. Mai gona ba zai yi maka faɗa ba, zai dai ce bana ya fasa.

Ka tafi da wuƙa mai kaifi. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, ana ambaton sunan Allah lokacin sakin kare ko kibiya, kuma tsuntsun da aka same shi da sauran rai sai an yanka. Wanda gora ko danƙo ko tarko ya kashe kafin a kai gare shi mushe ne. Littafin Risala ma ya karhanta farautar da aka yi don wasa kawai, saboda haka abin da ka harba ka ci, ko ka ba wanda zai ci. In Allah ya ba ka biyu, ɗaya ta mai gona ce. Ba doka ce ta ce haka ba, amma haka ake yi, kuma ita ke sa baɗi ya aiko maka da kansa cewa an gama girbi.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka fara da sayen bindiga, kada kuma ka fara da Falgore. Nemi ƙauye ɗaya da kake da sani a cikinsa, ko a Kiru ne ko a Tagwaye ko Dadin Kowa. Gai da Sarkin Baka, a kai ka wurin mai unguwa, ka roƙi gona ɗaya ko biyu masu iyaka da saura. Ka yi makonnin farko kana zuwa bayan sallar asuba da sanda kawai da takalmi mai rufe idon sawu, ka zauna ka ji ta inda fakara ke kuka, ka bi ka ga inda take shiga. Kafin ka fita kuma, ko da yaushe, ka gaya wa wani a garin inda za ka da lokacin da za ka dawo.